Gurbin Ɗan Fari

Tungar Dudu, kusa da Wara, Ngaski
Oktoba, 1993

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Atiku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar zumunci, da kai da Binta da yara. Da fatan kun saba da ruwan Birnin Kebbi, don na ji an kwaso ku daga Sakkwato tun da aka ba mu jiharmu. Mu nan lafiya, sai ciwon gwiwa da ke taso mini in na daɗe tsugune gaban bandar kifi. Basiru yana gaishe ka.

Kada ka tambayi wanda ya rubuta mini wannan. Ni ce da hannuna, Zulai'atu taubashiyarka, wadda kake cewa ko alif ba zai sami wurin zama a kanta ba. Bayan rasuwar uban yara na shiga ajin yaƙi da jahilci wurin Malama Goodness a Wara. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da wuƙar gyaran kifi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ran kasuwa wani ma'aikacin kifi ya tara mutane a kwata, inda jirage ke sauke kaya, ya ce Turawa da gwamnati sun haɗa kuɗi za a horar da samari aikin kula da tafki. Za a koya musu auna kifin da ake kamawa, da sanin idon raga wanda ya dace, da dasa itatuwa a gaɓa don kada ƙasa ta zube, bayan haka a ɗauke su aiki. Ya ce a ma'aikatarku ake tara sunaye.

Malam Atiku, don Allah da zumunci ka sa mini yaron nan. Ya gama sakandare a Yelwa, ya zauna ba aiki, sai bin jirgin mutane. Kuma wannan aiki kamar don shi aka yi. Kullum rigima yake da masu jan dala, tarun nan mai ƙananan ido kamar gidan sauro, wanda ke kwashe har kifin da bai kai yatsa ba. In ƙaramar karfasa ta faɗa masa raga, mayar da ita yake yi ruwa. Har sun sa masa suna lauyan kifi. Ina tsoron wata rana baki zai ja masa duka, ko zaman banza ya kai shi inda ba na so.

Hajiya Ladidi mai kai banda Birnin Kebbi ita za ta kawo maka wannan, da ɗan ƙullin tarwaɗa na Binta. Kai ba naka ba ne.

Taubashiyarka,
Zulai'atu

*

Birnin Kebbi
Nuwamba, 1993

Zuwa ga sabuwar malama, Zulai,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah da kuke lafiya, mu ma haka. Gwiwa kuma tsufa ne, ki daina ɗora wa banda laifi. Tarwaɗar ta iso, na cinye rabona da wanda aka ce ba nawa ba.

Wallahi da na ga rubutunki sai da na kira Binta ta zo ta shaida. Haruffanki suna tafiya kamar agwagi sun fito daga ruwa, amma duk na gane su. Allah ya saka wa malamarku.

Maganar horo gaskiya ce, sai dai ki san yadda take. Masu ba da tallafin sun ajiye nasu kason, da sharaɗin jiha ta kawo nata. Jiha kuwa jaririya ce. Ofishin da nake ciki tebur ɗaya muke rabawa, rabin fayilolinmu har yau suna Sakkwato. Saboda haka rukunin farko kaɗai ke da tabbas. Wanda wannan jirgi ya bari a gaɓa, ban san ranar da wani zai taso masa ba. Ga kuma 'ya'yan manya, kowa da 'yar takardarsa daga wani babba, alhali wasunsu ba su san kifi ba sai a cikin miya.

Duk da haka na tsaya gaban darakta har ya gaji da ganina. Ki yi murna, na sa sunan yaronki, Basiru Maikuɗi. Ina tune da shi sarai, yana rarrafe yana cin ƙasa lokacin da na zo gaisuwar rasuwar Baba. Ashe shi ne ya zama lauyan kifi! Takardar kira za ta zo ta hannun maigarinku. Za a fara bayan ƙaramar salla.

Ki tanadi tukuicina, ba na karɓar kan kifi.

Naki,
Atiku

*

Tungar Dudu
Disamba, 1993

Malam Atiku,

Assalamu alaikum. Ina gaida gida. Mu lafiyar jiki muna da ita, sauran kuwa sai addu'a.

Wai kai boko ya cinye maka Hausa ne? Na ce maka yaron nan. Da Basiru nake nufi, me zai hana ni rubuta Basiru, tunda ga shi na rubuta a wurin gaisuwa? Wace uwa ka taɓa ji ta kama sunan ɗan farinta? Kuma sunan surukina ne aka sa masa, kunya biyu ke nan a kaina. Lokacin da ka zo ba ka gan shi ba don yana hannun kakarsa a gungu, tsibirin tsakiyar ruwa, ita ta yaye shi ta riƙe shi, bai dawo gabana ba sai da ta rasu. Amma ai ka san na haihu kafin Basiru. Binta ma ta aiko da zane.

Takardar maigari ta riga taka isowa, kuma a kwata ɗan aikensa ya karanta ta da ƙarfi, mutane cike. Sai aka hau yi wa Basiru barka. Basirun da ko ƙetare za mu yi zuwa kasuwa sai ya rufe ido ya riƙe gefen jirgi yana salati! Shi burinsa gyaran babur a Yelwa. Tsayawa ya yi baki buɗe, ya ce, "Ni? Ni da kifi sai a faranti."

Wani mai dala ya ɗaga murya ya ce, "Lauya, yaya aka yi ƙaninka ya ci shari'ar?" Aka kwashe da dariya.

Yaron nan kuwa yana zaune yana ɗinkin raga. Bai ɗaga kai ba. Ya ce wa ƙaninsa barka. Da muka koma gida na kai masa tuwo, sai ya ce, "Inna, ashe kin iya rubutu da kyau haka." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na so in ce kuskure ne, ba haka na nufa ba, sai na juya na fito. Ni da shi ba mu saba doguwar magana ba. Tun da aka haife shi ban taɓa zama na dube shi ido cikin ido ba, haka aka koya mana. Na sa Basiru ya gaya masa, ya ce ya ji.

Ka gyara wannan abu, Atiku. Kai ka ɓata, kai za ka gyara. A cire na ƙaramin a sa na babban. Sunansa sunan mahaifin uban yara, ka san shi ai.

Zulai'atu

*

Birnin Kebbi
Janairu, 1994

Zulai,

Wa alaikumus salam. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Takardarki ta yi kusan wata a jakar Hajiya Ladidi, don ta tsaya wankan jegon ɗiyarta a Koko. Jiya ta iso.

Na karɓi laifina. Binta ta yi mini tatas, ta ce ko yaron goye ya san abin da uwa ke nufi in ta ce yaron nan. Shekarun da na yi ina cika takardun gwamnati sun mayar da ni wanda ba ya ganin mutum sai an rubuta masa suna.

Amma ke ma kin sa ni a rana. Kin ce sunan surukinki ne. Ni tun da na san tsohon nan Sarkin Ruwa nake ji ana kiransa, ban taɓa jin sunansa na yanka ba. Na tambayi Hajiya Ladidi, ta ce ita Nakaka ta san ana ce wa yaron. In shiga wurin darakta in ce a rubuta Nakaka? Dama da na taɓo masa maganar canji sai ya cire tabarau ya ce, "Malam Atiku, ko dai sayar da gurbin aka yi?" Na rantse masa wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce to wace irin uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba? Na ce irin wadda ta haife ka, ranka ya daɗe. Ya yi dariya, ya ce in kawo sunan kafin azumi.

Kada ki ɗauki abin da wasa. Kason jiha har yanzu bai fito ba, an ma rage yawan waɗanda za a ɗauka, kuma akwai masu jiran gurbin nan ya faɗi su dafe. Ki aiko da sunan yadda yake a takardar makarantarsa, kuma kada ki jira Hajiya. Ki ba direban motar Yelwa.

Atiku

*

Tungar Dudu
Janairu, 1994

Malam Atiku,

Assalamu alaikum, ina gaida Binta, Allah ya yi mata albarka da ta faɗa maka gaskiya.

Ga sunan nan cikin 'yar takardar da ke ninke. Basiru ne ya rubuta, ni ban duba ba.

Sai dai ban san ko yana da sauran amfani ba. Yaron ya tafi. Tun kafin takardarka ta zo ya naɗe tabarmarsa ya bi wani jirgi. Na yi ta cigiya a kwata har aka gaya mini yana wajen Shanga, kuma ka san aikin da yake yi? Jan dala. Shi da ke mayar da 'yar karfasa ruwa, yau shi ne a bakin igiya yana jawo abin da ya fi ƙi a duniya. Masu dalar nan garinmu har gaishe ni suke yi da gayya, suna cewa, "Inna, lauya ya tuba."

Na tura Basiru da kuɗin mota ya je ya same shi, ya gaya masa ana gyara takarda. Yaron ya ce masa, "Koma ka yi karatunka. Ba na cin tuwon da aka tuƙa don wani." Basiru ya rantse, ya yi kuka, bai saurare shi ba.

Atiku, ban iya barci. Ina kwashe kifi daga banda in ga na ƙona rabi. Na yi zaton in na koyi rubutu na huta da neman mai rubuta mini sirrina, ashe da hannuna zan kori ɗana. Da wani na sa ya rubuta maka tun farko, ai da ya tambaye ni wane yaro, da maƙwabciya ta faɗa masa.

Kuma ku ma can, wane irin taimako ne wannan da ake rage shi kullum kamar ruwan rani? Tafkin nan shi ya cinye garin iyayenmu lokacin da aka datse kogi, muka haƙura muka koyi zama da shi. Yanzu kifinsa yana ƙarewa a idonmu, an sami yara masu son su tsare shi, sai a ce kuɗi bai fito ba?

Ka yi mini wani abu. Kai namiji ne, kuma kawunsa ne ko da na nesa. Wataƙila ya ji taka.

Zulai'atu

*

Birnin Kebbi
Fabrairu, 1994

Zulai,

Wa alaikumus salam, barka da shan ruwa. Muna lafiya, sai zafin azumi.

An gyara suna. Na gan shi da idona a jerin da aka buga. Ba zan rubuta shi a nan ba don kada in ƙona miki ido.

An aike mu Yelwa da aiki, sai na roƙi direba muka ratse Shanga. Na same shi a bakin kogi da hantsi, sun gama ja. Ban taɓa ganinsa ba amma ban tambaya ba, don tsayuwarsa ta marigayi Maikuɗi ce sak. Abin da suka jawo tuli ne na 'yan mitsi-mitsin kifi suna ƙyalli a kan yashi. Na lura yana tura na gefe cikin ruwa da ƙafa, a hankali, yadda mai dalar ba zai gani ba.

Na ce, "Ni ne Atikun da ya yi ɓarnar." Ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi. Na nuna masa jerin sunaye. Ya duba ya daɗe, ya miƙo mini.

Ya ce, "Kawu, na gode. Amma wannan gyaranka ne. Basiru Inna ta nema wa, da ya ƙi aka tuna da ni."

Na ce, "Kai yaro, ba ka san kunyar ɗan fari ba?"

Ya ce, "Na san ta, a cikinta na girma. Ban taɓa cewa ta kira ni ba. Amma na ga littafinta na aji. Ta rubuta Basiru, ta rubuta ƙanwata Zainabu, har sunan akuyarta ta rubuta. Baki ne ke jin kunyar kunne, Kawu. Takarda kunnen wa gare ta?"

Na ce masa gurbin nan in ya wuce ba zai dawo ba. Ya ce ya sani.

Zulai, ni ban ga taurin kai a wurin yaron nan ba. Yaro ne da aka miƙa wa kaka tun yana jariri, ya dawo ya tarar ana kiran kowa da suna a gidan ban da shi. Ni na yi iyakar nawa. Duk wanda bai bayyana ranar Litinin ta bayan salla ba, za a ba wani gurbinsa, kuma na san wanda za a ba, ɗan wani ne da ko iyo bai iya ba. Ki rubuta masa da hannunki. Kin san abin da nake nufi, kada ki ce boko ya cinye miki Hausa.

Atiku

*

Tungar Dudu
Maris, 1994

Malam Atiku,

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa.

Da na karanta takardarka na yi fushi da kai har na ƙi cin sahur. Kai namiji, me ka sani? Innata ta rasu ba ta taɓa kama sunan yayanmu ba, ko a ciwon ajali cewa take a kira mata wancan. Kuma duk cikinmu ba wanda take so kamarsa. Abin da ka fi so shi kake rufewa, kamar garwashi a toka. Haka na sani, haka na yi.

Ranar da Malama Goodness ta ce kowa ya rubuta sunayen 'ya'yansa, na bar layin farko ba komai, na fara daga na biyu. Ta ce, "Mama, kin tsallake layi." Na ce na mai shi ne. Shi ya ga sunan akuya, bai ga layin da na bar masa ba.

Na yi ta juya maganar ina gyaran kifi. Sai na ga in na riƙe kunyata, ita za ta zauna da ni a ɗaki, ɗana kuma yana can bakin igiyar dala. Surukina Allah ya ji ƙansa, shi ma mai ruwa ne, na san ba zai so haka ba.

Na rubuta. Na kori kowa daga gidan, na rufe ƙofa kamar mai sata. Na danna fensir har ya huda takarda. Basiru ya tafi da ita yau da safe. Ga abin da na ce masa, na kwafe maka, sai kalmar farko da na bari don ba zan iya sau biyu ba.

"Ni ce Innarka. Tun ranar da mutumin nan ya yi magana a kwata, kai na gani, ban ga kowa ba. Kai na roƙa wa. Ban rubuta sunanka ba don ya fi ƙarfin bakina, kuma na ɗauka ya fi ƙarfin hannuna. Ga shi ka gani a sama. Ban taɓa rubuta shi ba sai yau, in harafi ya karkace ka gyara a ranka. Ka saki igiyar nan ka je inda ake jiranka. Kifin tafki yana da masu kama shi da yawa, mai tsaya masa ne babu. In ka zo gida kada ka yi mini maganar wannan takarda, kuma kada ka sa ran za ka ji shi a bakina. Allah ya yi maka albarka."

Saura ya rage nasa. In bai zo ba, kada ka ɓoye mini.

Zulai'atu

*

Birnin Kebbi
Maris, 1994

Zulai,

Barka da salla. Ki sauke ajiyar zuciya, ya zo.

Sai da rana ta take, ana shirin rufe rajista, ɗan babban mutumin nan har ya sauke akwatinsa daga mota. Sai ga shi ya shigo da ƙurar hanya, warin kifi ya riga shi isa tebur. Akawun ya ɗaga kai ya ce, "Sunanka?"

Ya cire hula, ya zaro wata takarda daga cikinta, ya ninke ta yadda layin farko kaɗai ke fili, ya ajiye a gaban akawun. Na leƙa. Agwaginki ne, ga hujin fensir a tsakiya.

Akawun ya karanta da ƙarfi, "Mustafa."

Ya ce, "Na'am."

Ya mayar da takardar cikin hula, ya sa a kansa.

Alawus ɗinsu bai fito ba tukuna, katifu ma an ce suna hanya. Ki aiko masa da tabarma da ɗan banda. Ki rubuta a jikin ƙullin cewa na yaron nan ne. Wannan karon na san ko wane ne.

Taubashinki,
Atiku